Allon zanena ya daina jin nauyin hannu bayan na koma Windows 11

Assalamu alaikum 'yan uwa masu zane a kwamfuta, ina neman taimakonku.

Da aka daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, na ɗaga kwamfutata zuwa Windows 11. Tun daga nan allon zanena, wanda nake haɗawa da kwamfutar in yi zane a kansa da alƙalaminsa, ya rikice. Alƙalamin yana motsa kibiya lafiya lau, amma ba ya jin nauyin hannu. Ko na danna da ƙarfi ko na shafa a hankali, layin kauri ɗaya yake fitowa, tamkar da linzamin kwamfuta nake zana shi. Gashin gira da naɗin rawani, da a da nake fitar da su siriri a ƙarshe, yanzu duk a dunƙule suke.

Na goge direban allon, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, na sauko da sabo daga shafin kamfanin, na kashe kwamfutar na kunna. Na canza waya da ramin USB. A Krita, manhajar da nake zane da ita, na sauya hanyar da take karanta alƙalamin daga WinTab zuwa Windows Ink: nauyin hannun ya dawo, sai dai farkon kowane layi yana makara, kuma in na ɗan riƙe alƙalamin wuri ɗaya sai wani zobe ya bayyana, ya buɗe jerin zaɓi na danna dama. Wannan ya fi damuna, don yana katse mini aiki a tsakiyar layi.

Kwana 10 da ake bayarwa a koma tsohon Windows sun wuce, ga zanen bangon littafin yara da na yi alkawarin miƙawa.

Shin ragowar tsohon direba ne ke hana WinTab aiki? In haka ne, ta yaya ake share shi gaba ɗaya? Ko akwai hanyar kashe zoben nan ba tare da nauyin hannun ya sake tafiya ba?

Allah ya saka da alheri.