Saniyata ta rage nono tun da hunturu ya shigo, ina mafita?

Mai Kiwo Rigachikun:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana kiwo a taimaka min. Ina da saniya ruwa biyu, Bunaji da Friesian, da cikinta na saye ta, yau wata uku kenan da haihuwarta. Da farko ina tatsar lita 9 zuwa 10 a rana, amma tunda ciyawa ta bushe nonon yake ta ja baya, yanzu da kyar nake haɗa lita 5, ga rama, ƙashin ƙugunta duk ya fito. Dusar masara nake ba ta da karan dawa, ruwa kuma bokiti ɗaya da safe ɗaya da yamma. Wani mai maganin dabbobi a kasuwa ya haɗa ni da allurar bitamin da ta LA (maganin kashe ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jiki) na yi mata, kuɗi sun tafi ban ga canji ba. Akwai allurar da ke dawo da nono ne?

Ɗan Shika:
Wa'alaikumussalam. Malam ka bar maganar allura tukuna, nono ta baki yake shiga. Ka fara da ruwan nan, in bokitinka mai lita 20 ne to lita 40 kenan a wuni, kuma saniyar da ake tatsa irin taka tana iya shan 60 zuwa 80, in zafin Maris ya zo ma ta wuce haka, shi nonon kansa ai kusan duk ruwa ne. Ka yanka durom ka ajiye mata, kar ya taɓa bushewa.

Sai abinci. Karan dawa cika ciki ne kawai, dusa kuma ƙarfi take bayarwa amma furotin ɗinta kaɗan ne, shi yasa saniyar take narkar da jikinta tana zuba maka a kwarya, ramar kenan. Ka nemo harawar wake ko ta gyaɗa, da ƙulin auduga ka riƙa gauraya shi da dusar, kashi ɗaya ƙuli kashi biyu ko uku dusa. Lissafin da muke bi shi ne wajen kilo 1 na haɗin ga duk lita 2 zuwa 2 da rabi na nono, banda harawa da kara. Amma wlh kar ka ɗura mata rana ɗaya, cikin sati biyu zaka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, in ba haka ba cikinta ya yi tsami ta kama zawo ta daina tuƙa. Karan ma ka sassara shi ƙanana, zaka ga asarar ta ragu. Ka rataye mata dutsen lasa, kanwa kaɗai bata wadatar da mai shayarwa.

Baffan Ladduga:
Gaskiya ɗana na Shika ya faɗa, sai dai ba kowace rama ce yunwa ba. Mu nan wajen Kachia in saniya tana ci tana ramewa sammore muke fara zargi, ƙudan tsando ke kawo shi. Yaro ka duba, idonta na hawaye? gashinta ya tashi? ka buɗe fatar idon ka gani ko ta yi fari, ka shafa gaban kafaɗa ko akwai kaluluwa. Ruwa biyun nan ba su da juriyar farar saniyarmu, kaska kaɗan sai ta kwantar da su. In kuma tana kiwo a fadama ko bakin rafi to ka sa ciwon hanta a lissafi. Kar ka yi ta canki-canki da magani, ka kira likitan dabbobi ya ɗebi jini da kashi a auna, ai cibiyar binciken sammore ta ƙasa NITR a cikin garin Kaduna take, ku da kuke kusa.

Maman Yogot:
Ni dai LA ɗin nan ce ta tsaya min a rai. Malam bayan ka yi allurar ka ci gaba da sayar da nonon? Dan Allah a daina, maganin yana fita ta nono, a jikin kwalbar ana rubuta kwanakin da za a jira. Akwai ranar da aka kawo min irinsa, na dafa na zuba irin yogot na rufe, har gari ya waye bai kama ba, jarka guda na zubar. Kuma ka riƙa tatsar farko a baƙin kofi, in ka ga gudaji ko hantsar ta yi zafi da tauri to ciwon hantsa ne, shima yana yanke nono.

Mai Kiwo Rigachikun:
Na gode ƙwarai. Hajiya a yi haƙuri, wlh ban sani ba. Baffa na duba idon ja ne ba hawaye, a gida take bata fita, amma zan kira likitan. Matsalar harawa yanzu tsada kamar me. In na yi duk wannan zata koma lita 10?

Ɗan Shika:
Ba zan yaudare ka ba, da wuya. Nono yana kai ƙololuwa ne wajen sati 6 zuwa 8 bayan haihuwa daga nan ya fara sauka, kai kuma ka wuce wurin. Zata ƙaru dai, kuma jikinta ya dawo ta nemi sa da wuri, ramammiya bata saurin ɗaukar ciki. Harawa kuma lokacin kaka ake tara ta a kan rumfa, mai saye a Fabrairu dole ya ji a jikinsa. Damina in ta zo ka ware ko kwata ɗin eka ka dasa ciyawar Napier da waken lablab, ka leƙo cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa NAPRI nan Shika ka tambayi iri da yadda ake binne sailej, wato ɗanyar ciyawar da ake adana wa dabbobi don rani. Yanzu dai fara da durom ɗin ruwan, bayan sati biyu ka faɗa mana lita nawa.