Wuyan kwanson harsashi yana tsagewa: gashi da wuta zai hana?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum. Kwanson harsasan da nake sake cikawa sukan fara tsagewa a wuya bayan na harba su sau biyar ko shida, alhali gindinsu lafiya lau yake. An ce mini a gasa wuyan da wuta, amma ina tsoron idan na tsoma su a ruwa su ƙara tauri, kamar yadda ƙarfe yake yi a hannun maƙeri.

Tsohon Maharbi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tagullar kwanso haɗi ce ta jan ƙarfe kashi 70 da zinki kashi 30, kuma halinta ya saɓa wa na baƙin ƙarfe. Abin da yake taurara ta shi ne wahala: duk harbi wuyan yana buɗewa, duk gyara ana matse shi, har ya gaji ya tsage. Zafi yana mayar mata da laushi, ruwa kuwa ba ya taurara ta ko kaɗan. Amfaninsa kawai ya tsayar da zafin kada ya gangara ƙasa.

Nan ne haɗarin yake. Wuya da kafaɗa kaɗai ake gasawa, domin gindin da ya yi laushi yana iya fashewa a cikin bindiga, a gaban fuskarka. Kwanson da ya yi ja-wur ka jefar da shi. Kuma sai wanda babu albarushi ko makunni (ɗan abin da ke gindi mai kunna albarushin) a cikinsa ake kai wa kusa da wuta.

Mai Awo:
Malam ya yi daidai, sai dai ni ban yarda da auna zafin da ido ba, tunda hasken ɗaki yana ruɗarwa. Akwai fentin Tempilaq mai narkewa a kusan digiri 400 na Selsiyos. Ana ɗiga shi a cikin wuyan, da ya narke sai a janye kwanson daga wuta.

Tsohon Maharbi:
Haka ne. Ka kuma duba abin da kake goge su da shi, domin sinadarin amoniya yana tsaga tagulla. Sojojin Birtaniya a Indiya sun ga haka da damina, lokacin da harsasan da suka ajiye a bargar dawakai suka riƙa tsagewa saboda tururin fitsarin dawakin.

Sabon Hannu:
Na gode, Malam. Yanzu na karanta jikin kwalbar maganin gogewata, kuma akwai amoniya a ciki.