Muhawara: Ziyarar Lakwaja da Maganar "Gadonmu"

Mai kawo batu, daga Gusau: Jama'a, na je Lakwaja, na hau Dutsen Patti inda ake hango mahaɗar kogin Kwara da Binuwai, kuma raina ya ɓaci. Mai yi mana jagora ya daɗe yana nuna mana masaukin Gwamna Lugga, yana ba da labarin yadda aka kafa tutar Ingila a garin a 1900, amma sai da na matsa masa sannan ya kai mu kabarin Sarkin Kano Alu, wanda Turawa suka kama a 1903 ya rasu can a 1926. Yaya za a fifita gidan wanda ya ci mu da yaƙi a kan gadonmu?

Wani malami daga Argungu: Ƙanena, ka ce "gadonmu", to gadon su wa? Mu Kabawa gadonmu yana Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958.

Wata Hajiya daga Birnin Kebbi: Malam, ban yi mamaki ba, tunda Sarkin Kabi Sama'ila lale marhabin ya yi wa Turawa. Kabarin sarki Musulmi da ya mutu a hannun baƙi gadon kowane Musulmi ne.

Malamin Argungu: Hajiya, ki yi adalci. Kabi ta shafe shekaru masu yawa tana yaƙi da Gwandu da Sakkwato don kare kanta, saboda haka ba za a zarge ta don ta ƙi mutuwa saboda waɗanda suka hana ta barci ba.

Wani ɗalibi daga Bunguɗu: Baba, in dai jini ne ke sa abu ya zama gado, a Kwatarkwashi Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a yaƙi da Turawa a 1903, kuma nan Zamfara ce. Wa ya taɓa zuwa ziyara?

Mai kawo batu: Ni fa maganar mai jagora nake yi.

Hajiya: Malam bai amsa mini ba tukuna.

Shugaban zaure, daga Gusau: Na rufe wannan batu. Abin da na fahimta shi ne, mutanen Kebbi sun dawo mana da tsohuwar gabarsu, alhali ɗalibinmu ne kaɗai ya kawo hujja mai ƙarfi. Ziyararmu ta gaba Kwatarkwashi za mu yi.