In aka tattake mutum a ƙofar shago ranar rangwame, wa za a kama?

Mai Atamfa:
Salamu alaikum jama'a. Ina da shagon atamfa da leshi, ƙofarsa ɗaya ce, mutum biyu ba sa shiga tare sai da gogayya. Yaron shagona ya kawo shawarar mu yi garaɓasa ana jibi Sallah: mutum 50 na farko su sayi turmi rabin kuɗi, mu baza a WhatsApp. Maigida ya ce bai yarda ba, wai in wani ya ji rauni ni za a nema. Ni kuwa na ce wanda ya zo da ƙafarsa ya yi ture, ai shi ya ja wa kansa. Waye da gaskiya?

Direban Tasi a New York:
Wa alaikumus salam Hajiya. Alhaji ya fi ki gaskiya. A nan, ranar Black Friday ta 2008, wato ranar babban rangwame ta shekara-shekara a Amurka, kimanin mutum 2,000 suka yi dafifi a ƙofar babban kantin Walmart na garin Valley Stream tun kafin asuba. Wajen ƙarfe 5 suka ɓalle ƙofar, suka bi ta kan wani ma'aikacin wucin gadi ɗan shekara 34, ya rasu. Har da mai tsohon ciki cikin waɗanda suka jikkata. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata kamfanin ta ci tara, dala 7,000, don ya san taron zai zo bai shirya masa ba. Kuɗin ba komai ba ne a wajensu, amma suka yi ta shari'a har 2015 kafin su haƙura. Ban da kusan dala miliyan 2 da suka yarda su biya a 2009 don kauce wa tuhuma.

Ɗan Kwari:
Can Amurka ke nan, Malam. Mutanenmu ko igiya ka ɗaura sai sun tsallake. Komai sai a ɗora wa ɗan kasuwa?

Tsohuwar Akanta:
Yallaɓai Ɗan Kwari, in ka san za su tsallake ka kuma kira su, ai hujjar a kanka take. Hajiya, wannan "50 na farko" ita ce masifar, tsere kika sa. Haka masu kantin kayan ɗaki na IKEA suka yi a Jidda a 2004 da takardun rangwame ga waɗanda suka riga zuwa, mutum 3 suka mutu a turmutsutsu. Ki raba kati mai lamba kwana biyu kafin ranar, kowa da lokacinsa. A riƙa shigar da biyar biyar, masu goyo da tsofaffi layinsu daban. Kada ki sa yaronki ya tare ƙofa da jikinsa.

Mai Atamfa:
Na gode Anti. Zan mai da shi kwana uku, da kati. Sai dai Alhaji bai ga wannan hira ba tukuna, kuma ba ni zan nuna masa ba.