Neman kalmar Hausa: "hupomone" a Wasiƙar Yakubu

Rifkatu: Jama'a barkanmu da yamma. Ran Juma'a zan kai darasin zumuntar mata wurin bugawa, a kan Yakubu 5:7-11, ga ni na maƙale. Helenanci, harshen Girka da aka rubuta wasiƙar da shi, na da kalmomi biyu a wurin. Makrotumiya ce ta manomin da ke jiran ruwan fari da na ƙarshe, hupomone kuma ta Ayuba a aya 11. In na ce musu haƙuri duka biyun, darasin ya tashi a banza. Me zan ce wa ta biyun?

Fasto Bulus: Jimiri mana, 'yata. Shi muke karantawa a Romawa 5:3, inda shan wuya ke haifar da shi.

Rifkatu: Baba, 'yan matanmu ba sa cewa jimiri. Juriya suka sani.

Talatu: Dauriya fa?

Fasto Bulus: Dauriya ta mai naƙuda ce, a cije zuwa anjima ya wuce. Waɗanda aka rubuta wa Wasiƙar Ibraniyawa har dukiyarsu aka ƙwace, duba 10:34, ba su kuma san ranar ƙarewar abin ba.

Istifanus: Ku duba tushen. Hupo shi ne ƙarƙashi, meno kuma zama. Mutum ya tsaya ƙarƙashin kaya bai zame ba. Sau 32 kalmar ta zo a Sabon Alkawari, har Yahaya ya ambace ta yana tsibirin Batmusa. Ni dai na daɗe ina cewa ƘI-GUDU.

Talatu: Yaya Istifanus, ƙi-gudu sa gudu? Kirarin 'yan dambe za mu kai wa iyayenmu mata?

Istifanus: Ibraniyawa 12:1 ma ai maganar filin wasa ce.

Talatu: Tsere ne a wurin. Sai mu ce "mu yi gudu da ƙi-gudu" ke nan 😂

Malam Audu: Duk kun bar hanya. Haƙuri ya isa. Bahaushe bai taɓa cewa jimirin Ayuba ba, haƙurin Annabi Ayuba ake cewa daga Kano har Damagaram. Wannan rarrabe-rarraben Hausar Jos ce.

Talatu: To, an fara. Malam, tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma jimiri ba a Jos aka ƙera shi ba.

Malam Audu: Ban ce an ƙera ba. Cewa na yi kunnen ɗan asali ya fi ƙamus.

Talatu: Mu da muka sha ta a nono a Kafanchan baƙi ne?

Fasto Bulus: Ya isa haka. Malam, Ayuba bai yi shiru ba, a sura 3 har ranar haihuwarsa ya la'anta. Abin da bai yi ba shi ne sakin Allah. Haƙuri a bakin mutanenmu kuwa yakan zama "yi shiru ki zauna", kuma mata ne za su karanta wannan darasi.

Rifkatu: Abin da nake tsoro ke nan, Baba. Zan bar wa manomi haƙuri, in ba Ayuba jimiri, in sa "wato juriya cikin bangaskiya" a farkon zuwansa.

Malam Audu: Kalma uku a gurbin ɗaya. Darasinki ne dai.

Istifanus: A sa ƙi-gudu ko a ƙasan shafi ne.

Rifkatu: Shafin ya cika, Yaya.