Neman shawara: ganyen masara ya karci Baba a ido, an ce funfuna ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mako uku da suka wuce ganyen masara ya karci mahaifina a idon dama yana girbi a gonarsa ta wajen Kujama. Muka sayo masa maganin ɗigawa a kemis, jan idon ya ragu na kwana biyu, daga baya wani farin tabo ya fito a tsakiyar baƙin idon, har ba ya fita rana sai ya sako rawani a fuska. A asibiti an kankari tabon an auna, aka ce funfuna ce, aka rubuta natamycin mai kashi 5 cikin ɗari, ɗigo ɗaya duk awa, har da dare. Yau kwana biyar ban ga sauyi ba, goggona kuma ta nace a koma wa na kemis tunda shi ya ba shi sauƙi. Me kuke gani?

Wata ma'aikaciyar jinya: Allah Ya ba Baba lafiya. Ɗan'uwa, ka karanta jikin kwalbar kemis ɗin, idan ka ga dexamethasone ko betamethasone kada ya ƙara taɓa idon, domin irin wannan magani yana kwantar da ja da zafi ne yayin da funfunar ke ƙara cin idon ta ƙasa. Ita kuwa funfuna ba ta saurin mutuwa, kwana biyar ya yi kaɗan a yanke hukunci, magani yakan ɗauki makonni.

Wani dattijo daga Rigasa: Yaro, ƙanena ƙaiƙayin shinkafa ya shige masa ido wajen shiƙa. Mako shida muka yi muna ɗigawa, da ƙararrawar waya muke tashi cikin dare bi da bi. Ya warke, sai 'yar hakiya da ta rage. Ka lallashi goggonka, kada a sa masa kwalli ko nono.

Wani mai harhaɗa magunguna: A girgiza kwalbar natamycin ɗin sosai kafin kowane ɗigo, saboda garin maganin yana kwantawa a ƙasa, kuma kada bakinta ya taɓa ido. Idan tabon yana faɗaɗa ko farin ruwa ya taru a ƙasan baƙin idon, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku kai shi Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna, don likita na iya ƙara wani maganin funfuna kamar voriconazole ko amphotericin B.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Anti, na duba kwalbar yanzu, dexamethasone ne a rubuce. Na ɓoye ta a jakata.