Ko amfilifayar ekuter za ta iya tuƙa lasifika?

Mai tambaya, unguwar Birni:
Assalamu alaikum malamai. Ina da ƙaramar amfilifaya wadda aka ƙera domin ekuter, wato abin sauraren da ake sawa a kunne, kuma ina da lasifikoki biyu masu om 8 da nake son haɗawa da ita a shagona. Shin hakan zai yiwu ba tare da na ƙona wani abu ba? Ekuter ɗina mai om 32 ne.

Mai gyaran rediyo, Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sauti zai fito, amma ban ba ka shawarar ka yi ba. Dokar Ohm ta nuna cewa idan turjiya (wato tirjewar da na'ura ke yi wa wucewar lantarki, wadda ake aunawa da om) ta ragu, kuran ɗin da ake ja yana ƙaruwa. Idan amfilifayar ta ba da volt 2, ekuter mai om 32 zai ja kuran wajen miliamfiya 62, lasifika mai om 8 kuwa miliamfiya 250 za ta nema, wato ninki huɗu, alhali abin da za ta samu bai wuce rabin wat ba. Na'urar da aka yi domin ƙaramin aiki za ta yi zafi, sautin ya riƙa tsagewa, kuma a zafinmu na watan Afrilu wannan ba ƙaramar wahala ba ce gare ta.

Malamin fizik, Sabon Gari:
Maigida ya faɗi gaskiya, sai dai akwai abin da ya fi damuna, domin ko da ba ta ƙone ba, launin sautin zai canza. Om 8 da aka rubuta a bayan lasifika ƙiyasi ne kawai, saboda turjiyarta tana hawa da sauka gwargwadon amon da ake bugawa, kuma a wajen amo mai kauri takan haura om 30 ko 40. Amfilifayar lasifika tana da turjiyar fita, wato turjiyar da ke cikinta ita kanta a mafitar sauti, ƙasa da om 1, shi ya sa wannan hawa da saukar ba ta dame ta ba. Wasu na ekuter kuwa suna da om 10 ko fiye. A ce taka om 10 ce: inda lasifikar take om 8 ba za ta samu ko rabin ƙarfin volt ɗin ba, inda ta kai om 40 kuma za ta samu kashi 80 cikin 100. Sakamakon shi ne gangar ta kumbura ta yi gunji, muryar mai magana ta dushe a ƙarƙashinta.

Mai tambaya:
Na gode Malam. To mene ne mafita ga wanda ba ya son ya jingine ta?

Mai gyaran rediyo:
Ka nemi ƙaramar amfilifayar lasifika mai aiki da volt 12, wadda ko batirin sola zai ɗauke ta. Ka shigar da sautin waccan ta ekuter zuwa mashigar sabuwar, ka fara da ƙara kaɗan, sannan ka haɗa lasifikokin a bayan sabuwar.